Digiri Goma: Zafi da Saurin Sauyin Sinadarai



An nemi mu ɗaliban sashen kimiyya mu kawo wa wannan taro wani abu daga cikin abin da muke karantawa, da sharaɗin ya zama wanda ɗan sashen shari'a da ɗan sashen tarihi za su iya saurara ba tare da gyangyaɗi ba. Sharaɗin kam yana da nauyi. Abin da muka zaɓa shi ne dangantakar da ke tsakanin zafi da saurin sauyin sinadarai, watau dalilin da ya sa abu yakan dahu, ko ya yi tsami, ko ya ruɓe da hanzari idan ya ji zafi, ya kuma yi nawa idan ya ji sanyi. Mun zaɓe shi ne domin muna zaune a ƙasar da zafi kan wuce digiri 40 a inuwa cikin watan Afrilu, a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a wannan zaure, nan da 'yan shekaru kaɗan, su ne za su riƙa sa hannu a takardun sayen magani da abinci, su ne kuma za su ce ga inda za a ajiye su.

Da farko, idan muka ce sauyin sinadarai, muna nufin wani abu ya rikiɗe ya zama wani abu dabam: ƙarfe ya yi tsatsa, itace ya zama toka da hayaƙi, madara ta zama nono, ɗanyen ƙwai ya zama dafaffe. Wani sauyin yakan auku kafin ƙiftawar ido, kamar tashin albarushi. Wani kuwa sai ya shekara yana tafiya ba a ankara ba, kamar yadda takardun da ke cikin tsofaffin fayiloli kan yi ja su riƙa karyewa a hannu. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Aikin ɗan kimiyya shi ne ya tambaya, to da wane sauri yake tsamin, kuma me ke ƙara masa saurin?

Rabin amsar iyayenmu mata sun san ta tun kafin a gina jami'a ko guda a ƙasar nan. Sun san ƙullun waina da aka kwaɓa da bazara yakan tashi cikin 'yan sa'o'i, amma da hunturu sai an kai shi kusa da murhu an lallaɓa shi. Bafillatana ta san madarar da ta zuba a ƙwarya da daren sanyi ba za ta kama da wuri ba. Mai daddawa takan lulluɓe dafaffiyar kalwarta ta rufe ruf don kada ɗumin ya tsere. Ko ƙadangare ya san wannan ilmi, domin da safiyar hunturu ba ya iya ko gudun kirki sai ya hau katanga ya sha hantsi, jininsa ya ɗumama, sauye-sauyen da ke cikin jikinsa su kankama. Abin da kimiyya ta ƙara a kan wannan sani shi ne awo, kuma da aka auna sai aka ga abin ya fi yadda ake zato girma.

Mutum na farko da aka sani ya auna saurin wani sauyi da lissafi shi ne wani Bajamushe mai suna Ludwig Wilhelmy, a shekarar 1850. Ya narkar da sukarin rake a ruwa, ya zuba masa ruwan asid, ya riƙa bin yadda sukarin ke rabewa gida biyu sannu a hankali. Wannan rabewa ita ce ke aukuwa idan mai dafa alewa ya matsa lemun tsami a cikin tukunyar sukarinsa. Bayan shekara talatin da huɗu, a 1884, wani masani ɗan ƙasar Holan, van 't Hoff, ya fitar da littafi kan saurin sauye-sauye, kuma shi aka fi danganta wa ƙa'idar nan da muka ɗauko kan jawabinmu daga gare ta: a sauye-sauye da yawa, idan zafi ya ƙaru da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, saurin yakan ninka sau biyu ko sau uku. Shi ne kuwa mutum na farko da aka ba kyautar Nobel ta fannin sinadarai a 1901.

Muna roƙon jama'a su lura da kalmar nan "ninka", domin duk jawabinmu a kanta ya rataya. Ba ƙari ake yi ba, ninki ake yi. Idan digiri 10 ya ninka sauri sau biyu, digiri 20 ba sau uku zai ba da ba, sau huɗu ne. Digiri 30 sau takwas. Digiri 40 sau goma sha shida. Tsakanin firiji mai digiri 5 da ɗaki mai digiri 35 akwai tazarar digiri 30, watau ninki takwas ke nan a ƙalla. Hankalin ɗan Adam ya saba da ƙari. Idan aka ce mana yau ta fi jiya zafi da digiri 5, sai mu ce ai kaɗan ne, mu ƙara shan ruwa mu wuce. Kwalbar magani ba haka take lissafinta ba.

To, amma me ya sa? A nan ne abin ya yi daɗi, kuma a nan ne littattafan sakandare da yawa kan taƙaita. Kowane abu an gina shi ne da ƙananan ɓarɓashi waɗanda ido ba ya gani, masana na kiransu molakul. Ba su zama wuri guda. Waɗanda ke cikin iskar wannan zaure suna gudun kimanin mita 500 a daƙiƙa guda, kuma kowane ɗayansu yana karo da 'yan'uwansa sau dubban miliyoyi a daƙiƙa. Abin da muke ji a jikinmu muna kira zafi ba wani abu ba ne illa ƙarfin wannan motsi. Sauyi kuwa ba ya aukuwa sai molakul sun yi karo. Don haka amsar da kan fara zuwa wa mutum ita ce, zafi na ƙara musu gudu, karo na yawaita, sauyi na sauri. Amsar tana da kyan ji, amma lissafi bai yarda da ita ba.

Ga dalili. Idan ana maganar motsin molakul, ba daga sifilin ƙanƙara ake fara ƙirga ba, daga ƙarshen sanyi ake farawa, inda babu sauran sanyi a ƙasa da shi, watau digiri 273 ƙasa da sifili. Wannan shi ne ma'aunin Kelbin. A wannan ma'auni, digiri 25 shi ne 298, digiri 35 kuma shi ne 308. Ƙarin bai kai kashi huɗu cikin ɗari ba. Gudun molakul ɗin kuwa ƙarin da yake samu bai cika kashi biyu cikin ɗari ba. Ina ƙarin kashi biyu, ina ninki biyu? Idan da yawan karo ne kaɗai dalili, da tuwon da aka ajiye da bazara da wanda aka ajiye da hunturu kusan tare za su lalace.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Svante Arrhenius, ɗan ƙasar Suwidin, a shekarar 1889, yana da shekara talatin a duniya, kuma shi ma a kan sukarin raken nan ya yi nazarinsa. A wannan sauyi na sukari, digiri 10 yakan ninka saurin kusan sau huɗu. Abin da ya fahimta shi ne, ba kowane karo ke haifar da sauyi ba. Mafi yawan molakul sukan yi karo ne su rabu lafiya, kowa ya kama gabansa. Kafin tsohon ɗaurin da ke riƙe da molakul ya tsinke a ƙulla sabo, sai karon ya zo da wani ƙarfi na musamman wanda ya fi na yau da kullum nesa. Mu ɗauke shi kamar katanga ce tsakanin abu da abin da zai zama. Wanda duk bai da ƙarfin tsallake ta sai ya dawo. Wannan katanga ita ce ta sa fetur ke zama a cikin tanki tare da iska ba ya kamawa sai an ƙyasta ashana. Ita ce kuma ta sa mu kanmu, da muke shaƙar iskar da ke cin itace, ba mu kama da wuta ba.

Molakul ba ƙarfinsu ɗaya ba. A kowane lokaci akwai masu rauni, akwai matsakaita waɗanda su ne mafi yawa, akwai kuma 'yan ƙalilan masu ƙarfin gaske. Waɗannan 'yan ƙalilan su ke tsallake katanga, kuma yawansu ne zafi ke ninkawa. Bari mu kawo misalin da ba wanda zai ce bai gane ba a cikin wannan zaure. A ce an yi jarrabawa, matsakaicin maki 50 ne, amma malamin ya ce ba wanda zai ci sai mai 90. Mutum biyu ko uku ne za su haye. Sai aka tausaya aka ƙara wa kowa maki biyu. Matsakaicin ya tashi daga 50 zuwa 52, abin da bai taka kara ya karya ba. Amma waɗanda suka haye suna iya ninkawa, domin masu 88 da 89 da ke jingine da ƙofa sun fi waɗanda ke ciki yawa. Haka zafi ke yi. Ƙarin da yake yi wa matsakaici kaɗan ne, amma a can bakin katanga yana buɗe ƙofa ga ninkin waɗanda ke wucewa da.

Saboda 'yan'uwanmu na sashen kimiyya, ga adadin. Idan tsawon katangar kilojul 50 ne a kowane mol, a digiri 25 karo kimanin 17 ne kacal a cikin kowane miliyan dubu goma ke da ƙarfin tsallakewa. A digiri 35 sun zama kimanin 33. Har yanzu 'yan ƙalilan ne ƙwarai, amma sun kusa ninkawa, kuma saurin sauyin ya bi su. Arrhenius ya sami kyautar Nobel a 1903, ko da yake a kan wani aikinsa dabam aka ba shi.

Daga nan za a ga cewa ƙa'idar digiri 10 ba doka ba ce, kintace ne. Gwargwadon tsawon katanga, gwargwadon yadda sauyi ke jin zafi. Sauyi mai gajeriyar katanga bai cika damuwa da zafi ba. Mai doguwar katanga kuwa digiri 10 na iya ninka shi sau huɗu ko biyar. Sa'an nan kuma abin da ya shafi mai rai yana da iyaka. Sauye-sauyen da ke cikin jikinmu, da na yis ɗin da ke tayar da ƙullu, da na ƙananan halittun da ke mai da madara nono, duk wasu sinadarai ne da ake kira enzayim ke tafiyar da su, aikinsu shi ne rage tsawon katanga. Su kansu enzayim ɗin zafi na lalata su. Saboda haka saurin yakan yi ta hawa har ya kai wani matsayi, sa'an nan ya faɗo gaba ɗaya. Shi ya sa ruwan ɗumi ke tayar da yis, tafasasshe kuwa ya kashe shi, shi ya sa kuma likita ke tashi tsaye idan zazzaɓin yaro ya haura digiri 40.

Akwai wani ƙaramin al'amari na murhu da ya kamata mu ratsa ta kansa, domin yana cin itace da kuɗi kullum. Dahuwa sauyin sinadarai ce, kuma saurinta na bin zafin ruwan da ke cikin tukunya. Ruwa kuwa idan ya tafasa ya tsaya ke nan, ba ya wuce digiri 100 a buɗaɗɗiyar tukunya ko da an tura masa itacen daji guda. Wutar da aka ƙara bayan tafasa tururi kawai take yi. Waken da ke ɓararraka da wanda ke tafasa a hankali a rufe lokaci guda za su nuna, bambancin yana ga yawan itacen da aka ƙone. A ƙasar da hamada ke matsowa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. A Jos, inda ƙasa ta yi tudun kimanin mita 1,200, ruwa na tafasa ne a wajen digiri 96, don haka wake ya fi daɗewa a wuta. Tukunyar nan mai kulle tururi kuma akasin haka take yi: tana tsare tururin har zafin ruwan ya kai wajen digiri 120, sai ganda ta yi laushi cikin ɗan lokaci.

Wani lokaci sauyi da kansa yake haifar da zafi, zafin ya ƙara masa sauri, saurin ya ƙara zafi, abu ya yi ta cin kansa har ya gagara. Duk wanda ya taɓa tura hannu cikin tarin taki ya ji ɗumi ya ga mafarin abin. Ƙarshensa kuwa an gan shi a birnin Bhopal na ƙasar Indiya, daren 2 ga Disamba wayewar 3 ga wata, 1984. Ruwa ya shiga wani tanki mai ɗauke da kimanin tan 40 na wani sinadari mai guba a masana'antar maganin ƙwari, sauyi ya fara, zafi ya tashi, gubar ta fashe ta bi iska ta rufe unguwannin talakawa, dubban mutane suka mutu cikin 'yan kwanaki. Akwai na'urar sanyaya tankin da aka tanada don rage saurin irin wannan sauyi, amma an kashe ta watanni kafin wannan dare.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi damunmu, watau magani. Kowane magani sinadari ne, kuma tun daga ranar da aka haɗa shi yake lalacewa sannu a hankali. Kwanan watan da aka buga a jikin kwali, wanda muke dubawa mu ce da saura, alkawari ne mai sharaɗi. Sharaɗin yana nan a rubuce da ƙananan baƙaƙe a gefe: a ajiye a ƙasa da digiri 25, ko ƙasa da digiri 30, ko tsakanin digiri 2 da 8. Masu haɗa magani da wannan ilmi na Arrhenius suke aiki. Ban da gwajin dogon lokaci, sukan ajiye samfur a digiri 40 da laima kashi 75 cikin ɗari har wata shida da gangan, don su gaggauta tsufansa su ga yadda zai kasance. Mu lura da kyau: zafin da suke amfani da shi don azabtar da magani a ɗakin gwaji shi ne zafin inuwar bazararmu. Sito mai rufin kwano ba silin, ko bayan babbar mota da ta tsaya a rana, ko tiren mai tallar magani a tasha, duk sun wuce nan.

Mu yi lissafi da ƙa'idar ninki biyu, muna sane da cewa kintace ce. Maganin da aka ba shi wata 36 a digiri 30, idan ya zauna a digiri 40 dare da rana, wata 18 ne rabonsa. A digiri 50 kuwa wata 9. Wani zai ce ai dare na yin sanyi, sanyin dare zai biya zafin rana. Ba ya biya duka. A ce sito na yin digiri 40 rabin yini, digiri 20 ɗaya rabin. Matsakaicinsa 30 ne daidai, kuma wanda ya duba rajista zai ce lafiya lau. Amma a rabin zafi lalacewa na tafiya da ninki biyu, a rabin sanyi kuwa da rabi. Idan aka haɗa aka raba, za a ga ta fi ta ɗakin da ke kan digiri 30 cur da kashi ɗaya cikin huɗu. Sa'o'in zafi sun fi sa'o'in sanyi nauyi a ma'auni. Abin da ya lalace kuma ya lalace. Mai da kwalba cikin firiji ba ya dawo da shi.

Abin tsoro a nan shi ne, yawancin magunguna ba su nuna alama. Asfirin dai yakan tona kansa, domin idan zafi da laima suka raba shi yakan riƙa wani wari mai tsami da an buɗe kwalbar. Amma allurar oksitosin, wadda ake yi wa mace bayan haihuwa don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya, ruwa ce garau ko tana da ƙarfi ko ta rasa. Ana son a ajiye ta tsakanin digiri 2 da 8. Ungozoma a asibitin ƙauye za ta ɗauko ta da kyakkyawar niyya, ta duba kwanan wata ta ga da saura, ta yi allurar, jini ya ƙi tsayawa. Zubar jini bayan haihuwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a duniya. Ba wanda zai koma ya tuhumi makonnin da kwalin ya yi a cikin zafi, domin ba a rubuta su a ko'ina ba. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana iya tantance magani a ranar da ya shigo ƙasa, amma ba za ta iya tsayawa gadi a kowane sito da kowane kemis ba. Saboda wannan matsala ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranci gwajin wani magani mai irin wannan aiki, karbetosin mai jure zafi, a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe goma, har da Nijeriya. An bayyana sakamakon a 2018, kuma maganin yana riƙe ƙarfinsa shekara uku a digiri 30.

A fannin rigakafi an sami wata dabara da, a ganinmu, tana cikin mafi kyawun abin da aka yi da wannan ilmi. Tun daga 1996 aka fara manna wata 'yar alama a jikin kwalaben maganin rigakafin shan-inna: da'ira mai duhu, a tsakiyarta ɗan murabba'i mai haske. A cikin murabba'in akwai wani sinadari da ke yin duhu sannu a hankali, da sauri a zafi, da nawa a sanyi, kuma ba ya komawa baya. Watau an sa wani sauyi ya zama ɗan rakiyar wani, duk wahalar da kwalbar ta sha a hanya shi ma ya sha, ya kuma rubuta ta a fuskarsa. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, a yi amfani da maganin. Ran da launinsu ya zo ɗaya, a zubar. Ma'aikaciyar da ke bi gida gida ba ta bukatar sanin Arrhenius kafin ta karanta shi. Alamar iri iri ce gwargwadon juriyar kowane magani. Akwai wadda ke kai ƙarshenta cikin kwana 14 a digiri 37, amma sai ta yi kwana 90 a digiri 25, ta kuma wuce shekara uku a digiri 5. Ku duba: tazarar digiri 12 kacal, ninki fiye da shida. A nan ƙa'idar ninki biyu ma sassauci ta yi.

Sanin saurin lalacewa ba gargaɗi kaɗai yake yi ba, yakan kuma ba da dama. Mutanen Arewa ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta kashe fiye da mutum dubu goma a Nijeriya. A Disamban 2010 aka fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai suna MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya ta biyo baya a 2011. Da aka auna juriyarta sosai, sai a 2012 aka yarda a fitar da ita daga sanyi har kwana huɗu, muddin zafin bai wuce digiri 40 ba, aka kuma fara gwada hakan a gundumar Banikoara da ke arewacin Jamhuriyar Benin. Kwana huɗu ba tare da ɗaukar ƙanƙara ba yana nufin ma'aikaci a kan babur zai kai ƙauyen da mota ba ta shiga. Sai dai a kiyaye, kada wani ya fita daga nan da zaton cewa duk sanyi alheri ne. Wasu alluran, kamar ta rigakafin tetanus da ta ciwon hanta, da kuma insulin na masu ciwon sukari, daskarewa na lalata su.

Yayyenmu ma'aikata za su ce, duk mun ji, amma wutar lantarki ba a hannunmu take ba. Gaskiya ne. Sai dai ninkin nan da ke cutar da mu idan zafi ya hau, shi ne kuma ke taimakonmu idan ya sauka. Rage digiri 5 kawai yana rage saurin lalacewa da kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma digiri 5 ba ya bukatar injin. Silin a ƙarƙashin kwano, tagogin iska a can sama, inuwar bishiya a gefen yamma, farin fenti a rufi, janye kwalaye daga jikin bangon da rana ke duka, sauke kaya daga mota ran da ta iso maimakon a bar ta ta kwana biyu a fili ana jiran sa hannun wani babba, duk waɗannan digiri ne ake ragewa. Ma'aunin zafi mai riƙe mafi girman abin da ya gani a yini kuɗinsa bai kai na kwali guda na magani ba, kuma mun nuna dalilin da ya sa mafi girman ne ya kamata a riƙa rubutawa, ba matsakaici kaɗai ba. Haka batirin sola da ake sayowa don firijin asibiti: shi ma sauyin sinadarai ne a cikinsa, kuma ajiye shi a ɗaki mai zafi na gajarta masa kwana.

Wani malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse a Jihar Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, ya ɗauki wannan lissafi ya kai shi ƙauye a shekarun 1990. Ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, yana tafiya da zafi, daidai yadda randa ke sanyaya ruwa. Kayan lambun da kan yi yaushi cikin kwana uku sai suka riƙa kai makonni, manomi ya daina sayar da tumatir da yalo a wulaƙance don tsoron su ruɓe kafin gobe. An ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000. Tukunyar ba ta kai sanyin firiji ba, kuma bai halatta a sa allurar rigakafi a cikinta a ce an cika sharaɗi ba. Da damina ma, idan iska ta cika da laima, aikinta yakan ragu ƙwarai. Amma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da iska ta bushe ƙayau zafi kuma ya kai maƙura, a lokacin ne take sanyaya kaya fiye da kowane lokaci.

Shugaban taro, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi.